Yadda na magance tsayawar injin gaibu lokacin ƙaura

Duk lokacin da muka ɗauke wani injin gaibu (kwamfutar da manhaja ke kwaikwaya a cikin kwamfuta ta zahiri) daga saba zuwa saba yana kunne, sai rumbun bayanan da ke cikinsa ya riƙa sandarewa. Ƙwaƙwalwar injin a kan manyan shafuka take, wato an rarraba ta gida-gida masu megabait 2.

Ga inda matsalar take. Lokacin ƙaura, dole KVM, sashen Linux da ke tafiyar da injinan gaibu, ya san shafin da aka yi rubutu a kai, kuma yana bin sawu ne da ƙananan shafuka masu kilobait 4. A Linux 5.15 da muke kai, ba ya fasa babban shafi sai baƙon, wato injin gaibun, ya taɓa shi da rubutu. Nan take aikin baƙon ya tsaya, a rushe taswirar da ke nuna inda babban shafin yake a ƙwaƙwalwa, sauran ƙananan shafuka 511 kuma kowanne ya jawo nasa tsaikon. Abin ya dame ni sosai.

Na ɗaga sabobin zuwa Linux 6.1, domin tun 5.18 KVM ke iya fasa shafukan gaba ɗaya tun farko. Na duba saitunan da wannan ke buƙata, eager_page_split da tdp_mmu, a /sys/module/kvm/parameters, duka Y, wato a kunne. Teburin shafukan ya ƙara cin ƙwaƙwalwa kaɗan, amma sandarewar ta kau.