An Goge Rubutunka? Ga Yadda Kukanka Zai Kai Kunnen Ɗan Majalisa

Ka yi ƙorafi a Facebook kan rijiyar burtsatsen garinku, sai rubutun ya ɓace ko aka toshe ka. Kada ka karaya. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin bakinka. Mu 'yan Zamfara mun ga yadda aka katse layukan waya a Satumban 2021, don haka takarda ta fi waya tabbas.

1. Ɗauki hoton rubutun da sanarwar gogewar, ka adana.

2. Gano wakilin mazaɓarka cikin 'yan majalisar jiha 24. Idan aikin na tarayya ne, sanata ko ɗan majalisar wakilai za ka nufa.

3. Rubuta koke shafi ɗaya. Nan ne mutane ke kuskure, su cika takarda da zafin rai. Faɗi matsalar, wurin, tun yaushe, da abin da kuke so a yi. Ban da zagi, ban da zargin da ba ka da hujjarsa, domin da shi za a fake a yi watsi da kai.

4. Nemi sa hannun mai unguwa, liman da shugabar mata. Wannan matakin ne na fi ba muhimmanci, don kuri'u ɗan siyasa yake lissafawa.

5. Kai kwafi biyu ofishin akawun majalisa a Gusau, a buga wa naka hatimi.

6. Bayan mako biyu ka koma da kwafinka. In shiru ne, kai batun shirin kiran waya na gidan rediyo.