Darasi na Bakwai: Rubutu Ɗaya, Shafi Uku

A wannan darasi za mu koyi yadda mutum zai rubuta abu sau ɗaya a wayarsa, ya fita a shafuka biyu ko uku ba tare da ya sake rubutawa ba. Kafin a fara, mai karantarwa ya raba aji zuwa rukuni-rukuni na mutum uku ko huɗu, kowane rukuni da babbar waya guda. Wanda bai zo da tasa ba ya matsa kusa da maƙwabcinsa.

Karatu

Akwai wata dattijuwa mai ɗinkin kayan mata a Mabera da ta yi ajin yamma a wurina. Da yatsa ɗaya take rubutu, tana karanta kowane harafi a fili kafin ta taɓa shi. Duk rigar da ta gama sai ta rataye ta jikin ƙofa, ta ɗauki hoto, ta sa a sitatus na WhatsApp da kuɗinta a ƙasa. Daga nan ta buɗe Facebook ta sake rubuta kalmomin nan, sannan ta koma Instagram ta rubuta na uku. Kafin ta gama, an kira Magariba, cajin waya ya yi ƙasa.

Jikanta ne ya tausaya mata, ya haɗa mata shafukan. Aiki ya yi sauƙi: ta rubuta sau ɗaya, ya fita ko'ina. Har daga Gusau aka kira ta ana son irin rigar da aka gani.

Bayan kamar wata biyu ta shigo aji fuska a murtuke. Ta ce, "Malam, wallahi ni ban aza hoton nan Facebook ba. Mi ya kai shi can?"

Na ce, "Inna, ku ba ni wayar in duba."

Hoton ɗiyarta ne ranar sa lalle, a tsakar gida, ba mayafi. Ta sa shi a sitatus don 'yan'uwa su gani. Abin da ta manta shi ne hanyar da jikanta ya buɗe wa riguna ba ta san riga ba, ba ta san amarya ba. Duk abin da aka sa, ɗauka take yi. Dangin ango sun gani kafin ta ankara, kuma ba ƙaramin ba da haƙuri aka yi ba.

Me ya sa shafukan ke iya haɗuwa?

Domin mai su ɗaya ne. An kafa Facebook a 2004. Kamfanin ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, sannan a 2021 ya canza wa kansa suna zuwa Meta. Kamar gida uku ne na mutum ɗaya da aka huda ƙofa a katangar da ke tsakaninsu. TikTok da X, wanda aka sani da Twitter kafin 2023, na wasu kamfanoni ne daban, don haka wannan ƙofar ba ta kai wa gare su.

Yadda ake haɗawa

Buɗe Instagram. Taɓa ƙaramin hotonka da ke ƙasa ta hannun dama, sannan ka taɓa layuka uku da ke sama. Nemi wurin da aka rubuta Accounts Centre, wato cibiyar asusu. A nan za ka ƙara asusunka na Facebook. Za a iya tambayarka kalmar sirri. Rubuta ta da hannunka, kada ka faɗa wa kowa ya rubuta maka.

Idan sun haɗu, za ka ga wurin zaɓen abin da zai riƙa wucewa da kansa. Akwai ɗan maɓalli gaban kowane abu: ɗaya na hotuna da rubutun da ke zama a shafi, ɗaya na sitori, wanda ke ɓacewa bayan awa 24. In ka taɓa maɓallin ya canza launi, hanya ta buɗe. In ka sake taɓawa, ta rufe. A WhatsApp ma akwai irinsa a cikin saitin sitatus, yana aika abin da ka sa zuwa sitori na Facebook. Kamfanin yakan sauya wa maɓallan nan wuri in an sabunta manhaja, don haka sunan abin za ka riƙe, ba wurin da ka gan shi jiya ba.

Ni dai shawarata ga ɗan koyo, ya bar maɓallin a rufe. Duk lokacin da za ka sa hoto a Instagram, kafin ka tura akwai wurin da ake tambaya ko a kai shi Facebook. Taɓawa ɗaya ce. Ka huta da rubutu sau biyu, kuma kai ne ke zaɓen abin da zai fita. Wanda ya dace ya bar hanya a buɗe kullum shi ne mai shafin da ba a sa komai a cikinsa sai haja, kamar baduku mai takalma da jakunkunan fata, ko mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwa.

Wa ke gani?

Nan ne ya kamata aji ya daɗe. Sitatus na WhatsApp kamar tsakar gida yake: ba mai ganinsa sai wanda ka ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye taka. Kana ma iya cire wasu, ko ka zaɓi mutum biyar kacal. Facebook ya fi kama da zaure. In an saita shi a kan abokai, waɗanda ka karɓa ne za su gani, kuma da yawanmu mun karɓi mutanen da ba mu taɓa haɗa ido da su ba. In an saita shi a kan kowa, to zauren ya koma bakin titi. Alamar da za ka duba ita ce ɗan hoton duniya kusa da rubutunka. In ka gan shi, kowa na iya karantawa. In hoton mutane biyu ne, abokai ne kaɗai.

Abin da ya kama Inna ke nan. Zaɓen da ta yi a WhatsApp bai bi hoton zuwa Facebook ba. Da ya isa can, saitin can ne ya yi aiki a kansa.

Saura kuma gyara. Wani mai sayar da albasa a ajin maza ya sa kuɗin buhu da safe, rubutun ya fita a wuri biyu. Da Azahar farashi ya motsa, ya gyara a Instagram, ya ɗauka ya gama. Washegari mai saye ya taso tun daga Bodinga, yana nuna masa tsohon kuɗi a Facebook, har sai da maƙwabtan rumfa suka shiga tsakani. Da zarar rubutu ya fita, kowane shafi nasa yake riƙe. Gyara ko gogewa a wuri ɗaya galibi ba ya taɓa ɗayan, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ko ka bi ɗin, wanda ya riga ya ɗauki hoton fuskar wayarsa yana nan da abinsa. Magana zarar bunu ce, ta waya ma ta fi saurin zaruwa.

Ga masu shafin sana'a akwai manhaja kyauta mai suna Meta Business Suite. Da ita za ka shirya talla da dare, ka sa mata rana da lokaci, ta fita da kanta a Facebook da Instagram. Tana da amfani a watan azumi, sa'ad da mai ɗinki ba ya ɗaga kai daga keke. Sai dai ka tuna da abin da ka ajiye. Ba daɗi a yi rasuwa a gidanku da safe, da hantsi shafinka na tallan leshi.

Akwai kuma wasu manhajoji da ke alkawarin kai rubutunka har TikTok da X da sauransu. Wasu na gaskiya ne, 'yan jarida da manyan kamfanoni na aiki da su, galibi da biyan kuɗi. Amma duk wadda ba ka san asalinta ba ta ce ka rubuta mata kalmar sirrinka, ka fita. Haka lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta saƙon tes, ba a ba kowa su, ko mai gyaran waya ne, ko wanda ya kira ya ce daga kamfani yake. Tunda shafukan sun haɗu, wanda ya samu shiga ɗaya yana iya kaiwa ga sauran.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya rubuta waɗannan kalmomi sau uku a littafinsa, ya karanta su a fili: asusu, maɓalli, saiti, sirri, manhaja.

Sannan kowane rukuni ya buɗe Facebook a wayar da ke hannunsa, ya duba rubutu uku na ƙarshe. Wace alama ce kusa da kowanne, duniya ko mutane biyu? Mai wayar ya san da haka kafin yau?

A allo, mai karantarwa ya ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, ya rubuta tsakar gida, zaure, bakin titi. Ɗalibai su faɗi inda kowanne daga cikin waɗannan ya dace: hoton sabuwar riga da kuɗinta, sanarwar ɗaurin aure, hoton jariri ranar suna, lambar asusun banki, cigiyar akuyar da ta ɓata. Za a yi gardama a kan ɗaurin aure da lambar banki. A bar su su yi, kada a yi saurin raba musu.

Aikin gida: rubuta tallar sana'arka cikin jimla biyu, da sunan kaya da kuɗinsu da ranar da ka sa kuɗin. A zo da ita a takarda ranar darasi na gaba, kada a tura tukuna.