Yadda Ake Ƙera Kwaikwayon Bindigar Finafinan Sararin Samaniya

Da yawa daga cikin bindigogin da suka yi suna a finafinan ƙagaggen kimiyya, masu fitar da haske maimakon harsashi, ba daga zanen takarda aka fara su ba. Lokacin da ake shirya fim ɗin Star Wars na farko, wanda ya fito a 1977, masu kula da kayan fim sun ɗauko tsofaffin bindigogi daga kamfanin Bapty na Landan, suka lilliƙa musu tarkacen injina har kamanninsu suka sauya. Bindigar Han Solo, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, asalinta Mauser C96 ce ta Jamus, ƙirar 1896, kuma ɗaya daga cikin waɗanda aka yi aiki da su a fim ɗin an sayar da ita a gwanjo a 2022 a kan sama da dala miliyan ɗaya. Wadda dakaru masu fararen sulke suke riƙewa kuwa, wato E-11, Sterling ce ta sojojin Birtaniya. Wannan tarihi yana da amfani ga mai son kwaikwayo, domin shi ne yake bayyana abin da ya sa ido yake yarda da waɗannan makamai: a ƙarƙashin adon akwai ƙirar abin da aka yi domin hannun mutum ya riƙe, kuma a samansa akwai alamun cewa ya sha aiki. Waɗannan abubuwa biyu ne mai ƙira zai bi, amma da roba da katako kawai. Ba a sa wani ɓangare na bindigar gaske a wannan aiki, kuma ba a yin abin da zai iya harba komai.

E-11 ta fi dacewa da mai koyo, saboda gangar jikinta bututu ne miƙaƙƙe. Faɗin bututun Sterling ya kai kimanin milimita 38, don haka bututun ruwa na PVC mai milimita 38 ko 40, wanda ake samu a shagon masu kayan famfo, yana tsayawa a madadinsa ba tare da wani ya lura ba. Tsawon bindigar idan an naɗe gindinta da ake tokarawa a kafaɗa kusan santimita 48 ne. Da wannan awo guda ɗaya ake fitar da sauran duka. A nemi hoton da aka ɗauka daga gefe sak, ba a karkace ba, a auna tsawon bindigar a jikin hoton, a raba 48 da abin da aka samu. Idan hoton ya ba da santimita 24, to duk abin da aka auna a jikinsa sai a ninka shi biyu. Abin da ya fi sauƙi shi ne a buga hoton a girmansa na gaskiya a kan takardu biyu ko uku, a haɗa su da salatif, a manna a kan tebur, ya zamana kowane yanki da aka yanka ana ɗora shi a kai ana gwadawa. Masu gaggawa sukan tsallake wannan mataki su yi da ka, kuma a ƙarshe sukan samu mariƙi ya yi wa jiki girma, kuskuren da babu fentin da zai rufe shi.

Gaban bututun cike yake da hudoji a jere, waɗanda a bindigar asali suke fitar da zafi. Kada a ce za a huda su da ido. A zana layukan a kan takarda, a naɗe bututun da ita, a fara yin ɗan gurbi da tsinin ƙusa a tsakiyar kowace huda, sannan a shiga da ƙaramin bakin injin huji kafin babba. PVC yana tsagewa idan aka danna masa babban baki farat ɗaya. Idan an gama, a naɗa sanfefa a jikin fensir a goge bakin kowace huda. Mariƙi da gidan harsashi, wanda a wannan ƙirar yake fitowa ta gefen hagu kuma an gajarta shi, ana yanka su daga katako mai laushi ko daga falle-fallen robar EVA, irin wadda ake yin silifas da ita, ana kuma samunta wurin masu sayar da kayan haɗa takalma. Katako ya fi ƙarko, kuma yana karɓar noti. EVA ta fi sauƙin yanka, ana liƙa falle uku ko huɗu da gam ɗin masu takalma, a shafa wa fuska biyu, a bari ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. Sai dai tana dakusar da reza da wuri, kuma dakusasshiyar reza yagar robar take yi, ba yanka ba. A ganina mariƙi ya kamata ya zama na katako, a ɗaure shi da noti biyu ta cikin bututun, domin shi ne yake ɗaukar nauyin komai, kuma gam kaɗai ba ya daɗewa a wurin. Kunamar bindigar a yi ta kafaffiya, ba ta motsi, sai idan za a mayar da ita makunnin fitila.

A wurin ƙananan kayan ado ne aikin yake da daɗi, kuma a nan ne mutane suka fi wuce gona da iri. A E-11 ta asali abubuwan da aka ƙara ba su da yawa: madubin saiti mai suna M38 na tankar yaƙi a sama, wata ƙaramar na'urar ƙirga ta kamfanin Hengstler na Jamus a gefe, da siraran sandunan roba da aka shimfiɗa a kan layukan hudojin. Mai son kwaikwayo sak sai ya bi waɗannan. Mai son ƙirarsa ta kansa kuwa, kasuwar 'yan gwangwan da teburin mai gyaran rediyo sun ishe shi: murfin alƙalami, gorar sirinji, maɓallin tsohuwar rediyo, ƙarfen sanyaya kwamfuta mai haƙora, guntun madubin hangen nesa na yara. Ƙa'idar ita ce kowane abu da za a liƙa ya yi kama da mai aiki. Waya ta fito daga wani wuri ta shiga wani wuri, maɓalli ya zauna inda babban yatsa zai kai, abin sanyayawa ya kasance kusa da baki inda ake zaton zafi. A kuma bar wasu wurare fili. Idan aka cika ko'ina da tarkace, ido ba ya samun inda zai tsaya, sai abin ya koma bola mai mariƙi. Kafin a sa gam, yana da kyau a ɗaura komai da salatif, a jingine bindigar a bango, a ja da baya taku biyar a duba, domin daga nesa ake gane abin da ya yi yawa.

Wasu sukan fara da bindigar wasan yara irin ta Nerf, su kankare sunan kamfanin, su cike ramukan noti, su sauya mata fasali. Wasu kuma injin ɗab'i mai fitar da siffa, wato 3D, suke ba aikin. Duka biyun hanya ce, amma mai amfani da injin ya sani cewa robar PLA da ake sa wa injin tana fara laushi a wajen digiri 60, zafin da motar da aka rufe a rana take iya kaiwa a watan Afrilu a Kano ko Damagaram. Robar PETG ta fi ta juriya, tana kaiwa wajen digiri 80.

Ko da me aka yi jikin, gugar sanfefa ita ce take raba aikin gwani da na koyo, kuma ita take cin rabin lokacin. A cike duk wata gaɓa da fila irin ta masu gyaran jikin mota, a goge da sanfefa mai lamba 120, a koma 220, sannan 400. A fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka. Wannan fenti tona asiri yake yi: duk ƙarzar da ido bai gani ba, da duk layin da injin ɗab'i ya bari, sai sun fito fili. A sake cikewa, a sake gogewa, a sake fesawa, har sai an shafa da yatsa ba a ji inda katako ya ƙare roba ta fara ba. EVA tana shan fenti, saboda haka a fara shafe ta da farin gam na kafintoci wanda aka ɗan sirka da ruwa, shafi uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. A sa takunkumi lokacin guga da feshi, a yi aikin inda iska take wucewa, kuma kada a ƙona PVC da wuta domin hayaƙinsa guba ne.

Wajen feshi a riƙe gwangwanin da tazarar santimita 20 zuwa 30, hannu yana tafiya, a yi shafi sirara da yawa maimakon ɗaya mai kauri da zai zubo. A lokacin hunturu ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti, don haka a kife babban kwali a kan aikin da zarar an fesa. Baƙi marar ƙyalli shi ne tushe. Domin ya koma kamar ƙarfe, a goga bakin fensir a kan sanfefa a tara garinsa, a murza shi a jikin bindigar da tsumma mai laushi, nan take robar za ta ɗauki sheƙin baƙin ƙarfe. Daga nan a tsoma buroshi a fentin azurfa, a goge shi a takarda har ya kusa bushewa, a riƙa shafar gefuna da kusurwoyi kawai. Tambayar da za a riƙa yi ita ce ina hannu yake taɓawa, ina kube yake gogar jiki, wane gefe ne yake bugun ƙasa idan an ajiye. A can ne fenti yake cinyewa a kayan aiki na gaske, ba a tsakiyar fili ba. Dauɗa kuma akasin haka take, a lungu take taruwa: a sirka fenti baƙi da ruwan ƙasa ya yi ruwa-ruwa, a bar shi ya gangara cikin ramuka, a share saman da tsumma kafin ya bushe. A rufe da fentin kariya marar launi kuma marar ƙyalli, amma a sani cewa yana rage sheƙin garin fensir, don haka ana iya ƙara murzawa kaɗan bayansa.

Nauyi yana ƙara wa abin kwarjini a hannu. Manyan notuna biyu ko uku da aka cusa a cikin mariƙi aka liƙe sun isa. Mai son haske ya sa jan ƙwan LED a cikin bakin, da batir mai bolt 9, da resisto, wato abin rage ƙarfin lantarki, mai om 390 a tsakaninsu domin kada ƙwan ya ƙone, a kuma bar murfin bayan bututun yana buɗuwa saboda canjin batir.

Aikin da ya yi kyau yana kama da makami, kuma nan haɗarinsa yake, musamman E-11 da asalinta bindigar soja ce. A Amurka dokar 1988 ta wajabta a sa wa bindigogin wasa da ake sayarwa alamar ruwan lemo mai haske a baki, a Birtaniya kuma dokar 2006 ta taƙaita ƙerawa da sayar da kwaikwayon da ya yi kama da na gaske, in ban da masu fim da wasan daɓe da makamantansu. A wurarenmu da shingayen bincike suke a kan hanya, jami'in da ya hango baƙin abu a hannun mutum da magariba ba zai tsaya tambayar wane fim ne ba. A toshe bakin da murfi mai ruwan lemo, kada a fita da ita a hannu, kada a ba yara su yi wasa da ita a titi. Idan za a kai ta wurin ɗaukar fim ko baje koli, a cire mariƙin da gidan harsashin, a sa a akwati tare da hotunan yadda aka haɗa ta, kuma a sanar da 'yan sandan yankin kafin ranar ɗauka.