Yadda ake tsaro a wasan birij

Ƴan majalisarmu ta karta nan Maradi kun dame ni da tambayar yadda ake tsaro a birij, wato yadda kai da abokinka za ku kada abokan hamayya, to ga amsa. Birij ba belot ba ce fa.

1. Saurari cinikin kwantaragi (yawan zagayen da ɓangare ɗaya ya yi alkawarin ci) tun farko, ka riƙe kalar (alamar kati, kamar pik) da abokinka ya kira.

2. Lissafa cin da kuke bukata. In abokan hamayya sun ce pik 4 (wato pik ce atu, kalar da ke sare sauran), ci 4 ya kada su, in 3 ba atu ne sai kun ci 5.

3. In kai ne hagun mai kwantaragi, kai ke fara jefawa. Kana da sarki, dam, bale jere? Jefa sarki.

4. Ba atu kuma babu jeri, jefa ta huɗu daga sama cikin doguwar kalarka.

Hattara, in akwai atu kar ka jefa ƙarama alhali as ɗin kalar na hannunka, nan mutane ke faɗawa, sarkinsu tilo ya ci banza, as naka a sare shi da atu.

5. An shimfiɗa kartan abokin mai kwantaragi, tsaya ka ƙirga maki (as 4, sarki 3, dam 2, bale 1), duka 40 ne.

6. Kana na biyu wajen jefawa, yawanci sa ƙarama.

7. Kana na uku, sa babba, ban da rowa malam.

8. Ka ci, maido ma abokinka kalar da ya fara.