Darasi na Bakwai: Naɗe Kyautar Biki Ba Tare da Leda Ba

Idan aka watse daga kamu ko walima, ku tsaya ku dubi filin. Za ku ga ledoji, da robar abinci, da takardar naɗi mai walƙiya da aka yayyage. Mai shara zai cinna wa wasu wuta, hayaƙi ya cika unguwa. Sauran kuma iska ta kwashe su zuwa kwata. Da damina ta kankama sai su toshe kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya faɗa gidajen mutane. Waɗanda suka wuce, kogin Kaduna suka nufa. Akuya in ta haɗiye leda cikinta ba ya narkar da ita, mahauta sun sha tarar da ita a dunƙule cikin tumbi. Irin wannan ɓarna ce ta sa Ruwanda ta haramta ledar zuba kaya a 2008, Kenya ma ta yi haka a 2017.

Ita takardar walƙiya galibi da roba aka shafe ta, shi ya sa ba ta ruɓewa. Da kuɗi kuka saye ta, ga shi nan take za a yage ta a yar. Abin da ya fi shi ne ku naɗe kyauta da abin da amarya za ta mora. Iyayenmu a adudu suke kai lefe, su zuba gara a ƙwarya su rufe da faifai, kuma duk a ɗakin amarya suke zama.

Yadda ake ɗauri da ɗankwali

Ku samo ɗankwali sabo, ko yankin atamfa wankakke gogagge. Turmi guda yadi 6 ne, yadi ɗaya kuma inci 36. Yadi ɗaya ya isa ɗaure kwalin kofuna ko ƙaramin kwano mai murfi. In kuna da tela a Kasuwar Barci ko Kasuwar Gumi, ku roƙe shi ragowar yadi, ya yanka muku murabba'i, ya kalmashe bakin don kada zare ya warware.

Ku shimfiɗa ƙyallen a tabarma, fuskar adon tana kallon ƙasa, kusurwa ɗaya tana kallonku. Ku aza kyautar a tsakiya. Ku ɗauko kusurwar da ke gabanku ku rufa a kai, ku jawo ta can gaba ku ɗora mata. Sauran biyun, ta dama da ta hagu, ku ɗaga su sama ku ƙulla sau biyu. Ƙullin nan shi ne mariƙi, ba a bukatar salatif ko almakashi. Kayan fashewa kuwa, a sa tawul ko tsumman goge kwano tsakaninsu kafin a ɗaure.

Alkaki, nakiya da dubulan suna da maiƙo, za su ɓata atamfa. A fara zuba su a kwanon samira mai murfi tukuna. Kada a naɗe abinci da jarida, tawada tana mannewa. Takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah kuwa, ba a naɗe komai da ita.

Sai maganar rabo. Uwar biki takan sayo ƙananan robobi masu arha don kowa ya samu, da yawa ba sa kai wata biyu sun tsage. A ganina gara sabulu, ko mafici na kaba, ko ludayin duma, ko da ba su kai yawan robobin ba. Kuɗin ma masaƙa da masu sana'ar hannu na gida za su ci. Ango mai fili a gidansa, ku kai masa dashen mangwaro ko gwaiba, musamman in bikin ya faɗo da damina.

Aikin aji

1. Me leda ke yi wa kwalbati da damina?
2. In yadi ɗaya ya ɗaure kyauta ɗaya, turmi 3 kyauta nawa zai ɗaure?
3. Rubuta wa amarya gaisuwa ta layi biyu a ƙaramin kati, da sunanka ko sunanki a ƙasa.

Kowa ya zo da ɗankwali da kwano mai murfi a zama na gaba, za mu gwada ƙullin tare.