Yadda za a daidaita nauyin yaro da motsa jiki a Abuja

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 kullum na motsin da ke ɗaga numfashi. Gane shi ba wuya: yaron yana iya magana, amma ba zai iya rera waƙa ba. A kwana 3 na mako kuma a haɗa da gudu, tsalle ko hawa, don ƙashi da tsoka su yi ƙwari.

Abin da yaron Abuja ya rasa shi ne lokaci. Motar makaranta ta ɗauke shi daga Kubwa ko Lugbe tun da duku-duku, ya dawo sai lesin, sai Islamiyya, sai waya. To, ba dole ba ne a yi awar a tashi ɗaya. A gutsuttsura ta: minti 15 zuwa Islamiyya a ƙafa da sauri, 15 dawowa, 10 tsallen igiya a tsakar gida, ragowar 20 ƙwallo, langa ko keke kafin magariba. A Maris da Afrilu a kauce wa tsakar rana, a riƙe gorar ruwa. Wanda bai saba ba ya fara da minti 20, ana ƙara 10 duk mako.

Inda iyaye suka fi yin kuskure shi ne zaton gumi kaɗai zai sauke ƙiba. Robar lemon kola mai santilita 50 tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 13, wato sama da kalori 200 (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Kimanin abin da yaro mai kilo 35 ke ƙonawa ke nan a awa guda ta ƙwallo. Ya taso daga fili, aka miƙa masa lemo da cincin, an yi ba a yi ba ke nan. Zoɓo da kunun aya ma haka suke idan an cika musu sukari. A ba shi ruwa, da ayaba ko yankan kankana.

Kada a hora yaro da yunwa, yana cikin girma. Ga yawancin yara masu ƙiba abin nema shi ne nauyi ya tsaya, tsawo ya ci gaba. Don haka sikeli kaɗai yana ruɗi. A ɗauko tef ɗin tela sau ɗaya a wata, a auna ciki daidai saman cibiya: kada ya kai rabin tsawonsa. Mai tsawon santimita 140, cikinsa ya tsaya ƙasa da 70.

'Yan mata sukan daina wasa da zarar sun fara balaga, kunya ta hana su fili. Igiya da rawa a ɗaki sun wadatar. Barci ma yana cikin lissafi: awa 9 zuwa 12 ga 'yan firamare, 8 zuwa 10 ga matasa, domin ƙarancinsa yana buɗe ci.

Baƙin da ke bayan wuyan yaro mai ƙiba, wanda uwa ke ta dirza da soso bai fita ba, sau da yawa ba dauɗa ba ce. Alama ce ta haɗarin ciwon suga, a je a gwada jini. Ɗingishi da ciwon ƙugu ko gwiwa ma na likita ne, a dakatar da gudu. Mai asma ya tafi da abin shaƙarsa, musamman cikin ƙurar hunturu. Mai sikila ya yawaita shan ruwa, ya huta tun bai galabaita ba.