Kalma ɗaya ta hana manhajata tashi a Java

Alhamdu lillahi, daren jiya na huta. Manhajar lissafin kuɗi nake rubuta wa 'yan tumatir na kasuwar Mile 12 da ke Legas, da harshen rubuta manhaja na Java. Na ƙirƙiri intafes (jerin ayyukan da dole aji ya cika) mai suna Biya, na sa masa aiki guda: void biya(long kobo). A kobo nake ƙirge saboda double, nau'in lamba mai ɗigo, yana ɓata lissafin kuɗi. Sai na rubuta aji biyu (aji shi ne inda ake rubuta yadda aikin zai gudana), Tsaba da Tiransfa, kowanne da implements Biya, wato zai cika aikin Biya. Ina danna haɗawa, javac, mai haɗa lambar Java, ya ƙi, wai na rage izinin shiga aikin.

Na goge ma'ajiyar IntelliJ, manhajar da nake rubutun a ciki, na sake saka JDK 17, kayan aikin Java, duk a banza.

Ashe duk aikin da aka ayyana a intafes ba tare da gangar jiki ba (wato sunansa kawai, babu matakan aikin) public ne, wato buɗe ga kowa, ko ba a rubuta kalmar ba. A cikin aji kuwa, idan ka bar gurbin kalmar babu komai, 'yan fakitin, wato rukunin da ajin yake ciki, kaɗai ke ganin aikin. A nan na yi tuntuɓe. Na mayar da shi public void biya(long kobo) a ajin biyu, na ɗora @Override a sama, alamar cewa aikin intafes ɗin nake cikawa, na sake haɗawa, ya wuce lafiya lau.

Na gode wa abokin aikina na Yaba da ya ce in karanta saƙon kuskuren a tsanake.